Yadda na shayar da 'yata da ta zo kafin lokacinta

Na taso a gidan da shayarwa ba abin tattaunawa ba ce. Ni ce babba a ɗakinmu, don haka na ga mahaifiyata ta shayar da ƙannena ɗaya bayan ɗaya, tana hira ko tana wani aiki da hannu guda, yaro yana tsotso har ya ƙoshi ya saki da kansa. Ban taɓa ganin an tashi jariri daga barci don a ba shi nono ba, ban kuma taɓa jin an ce nono ya ƙi sauka ba. Da na yi aure na samu ciki, naƙuda ce ta tsaya mini a rai, ita nake tambayar manya a kanta, ita nake yi wa addu'a. Shayarwa kuwa na ɗauke ta abin da jiki zai yi da kansa da zarar an miƙo mini abin da na haifa.

Cikina yana mako 35 faya ta fashe, ba tare da wata alama ta gabace ta ba. Ina zuwa awo a kan lokaci, jinina bai hau ba, kuma likitar da ta karɓe ni ta ce sau da yawa ba a gano takamaiman dalilin irin wannan haihuwar. Na haifi 'ya mace da kaina, nauyinta ya ɗan haura kilo biyu. Ta yi kuka, tana numfashi da kanta, ba a saka ta a kwalba ba. Duk wanda ya leƙa fuskarta sai ya ce wannan ai ba bakwaini ba ce, dubi gashinta, dubi farcenta, ƙanƙanta ce kawai. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai, domin ita nake son ji, kuma ba a jima ba aka sallame mu.

Tun a asibiti na lura cewa tana kama nono, ta yi tsotso kaɗan, sai idanunta su rufe, bakinta ya saki. In na motsa ta sai ta sake yin kaɗan ta koma barci. Ba ta kuka sai can ba a rasa ba. Masu zuwa duba mu suna ta yabon haƙurinta, suna cewa Allah ya ba ni yarinya marar rigima, ni ma ina amsawa da murmushi. A wancan lokacin babu wanda ya gaya mini cewa jaririn da ya zo da wuri yana iya yin shiru saboda ba shi da ƙarfin yin kuka, kuma barcinsa a kan nono sau da yawa gajiya ce ta kayar da shi kafin ya ƙoshi. Wannan shi ne abu na farko da nake so duk mai karanta wannan labari ya riƙe, domin shirun nan ya ruɗe mu gaba ɗaya, har da waɗanda suka haifi 'ya'ya da yawa.

A gida ne hankalina ya fara tashi. Ina canza mata nafkin sai in tarar da shi kusan a bushe. Kashinta ya daɗe yana baƙi-baƙi, bai koma rawaya kamar yadda ungozoma ta ce zai koma ba. Na matsa kan nonona in gani, sai 'yan ɗigo masu kauri suka fito, dakashi ne, wanda dama kaɗan yake zuwa a kwanakin farko, amma a idona shaida ce cewa ba ni da abin da zan ba ta. Daga nan shawarwari suka fara zuwa ta kowace fuska. Wata ta ce nonona bai isa ba, wata ta ce ya tsinke, wata ta ce ba na cin abinci sosai, wata kuma ta ce a ba ta ruwa tunda leɓenta ya bushe. Na tabbata babu wadda ta faɗi abin da ta faɗa da nufin cutar da ni, dukkansu son yarinyar ne ya sa su magana. Sai dai duk maganganun a wuri ɗaya suke sauka, wato laifin yana jikina. Dama tun ranar haihuwa akwai tambayar da take cin raina a ɓoye: me na yi cikin bai kai lokacinsa ba? Yanzu ga ta biyu ta hau kanta: na kasa riƙe ta a ciki, ga shi kuma na kasa ciyar da ita a waje.

Ina so in bayyana yadda wannan damuwa take a jiki, saboda mutane suna jin kalmar sai su ɗauka tunani ne kawai. Da lokacin ba ta nono ya matso, gabana yake fara faɗuwa. Kafaɗuna su ƙage, muƙamuƙina ya riƙe, tafin hannuna ya yi gumi. Zan ɗora ta ina ƙirga tsotsonta a zuciya, ina kallon agogo, ina sauraron ko zan ji ta haɗiya, ga kuma idanun mutanen ɗakin duk a kaina suna jira su ga ko za ta sha. Da dare ko ta yi barci ni ba na iya yi, sai in riƙa kai hannu kusa da hancinta ina neman ɗumin numfashi. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne nonuwana sun cika sun yi tauri har suna zafi, amma in na matsa sai su ƙi zuba. Na kasa gane yadda nono zai cika har ya yi ciwo, a kuma ce yarinya tana kwana da yunwa.

Wata safiya mahaifiyata ta ɗauke ta zuwa bakin taga, ta buɗe mata ido da yatsa, ta ce mini a hankali, “Ki shirya mu koma asibiti, idonta ya yi rawaya.” Da aka auna ta sai aka ga ta rasa fiye da kashi 10 cikin ɗari na nauyin da aka haife ta da shi, ga shawara ta hau. Aka kwantar da ita a ƙarƙashin shuɗin haske, an rufe mata idanu da ɗan ƙyalle, ni kuma na zauna a kujerar gefe ina kuka ba sauti.

Likitan yara da ya duba ta shi ne mutum na farko da ya zauna ya yi mini bayanin 'yata tun daga tushe. Ya ce duk haihuwar da ta zo kafin cikar mako 37 haihuwa ce kafin lokaci, kuma waɗanda suka zo tsakanin mako 34 da ƙarshen mako 36 su ne suka fi yawa a cikinsu, su ne kuma aka fi yi wa kallon cikakku. A mako 34, in ji shi, nauyin ƙwaƙwalwar jariri kusan kashi 65 cikin ɗari ne na abin da zai kai idan ciki ya cika, alhali ita ƙwaƙwalwar ce take tsara tsotso da haɗiya da numfashi su tafi tare ba tare da ɗaya ya tare ɗaya ba. Kitsen kumatu da ke taimaka wa jariri ya riƙe nono da ƙarfi bai gama taruwa ba, kitsen da ke ɗumama jiki ma haka, saboda haka ɗan ƙarfin da take da shi wajen riƙe ɗumin jikinta yake tafiya. Hantarta ba ta gama ƙwari ba, shi ya sa sinadarin da ke kawo shawara yake taruwa, kuma ta kashi yake fita. Jaririn da bai sha sosai ba ba ya yin kashi sosai, shawarar ta ƙaru, ita kuma shawarar ta ƙara masa barci. Ya ƙara da cewa a irin waɗannan jarirai shawara takan kai ƙarshen hawanta ne wajen kwana na biyar zuwa na bakwai, lokacin da yawancinsu suna gida. Da ya gama na tambaye shi ko nonona ne ba shi da kyau. Ya ce, “Hajiya, nononki shi ne maganinta. Ita ce ba ta kai ƙarfin cire shi da kanta ba tukuna, mu kuma aikinmu mu taimaka mata ta kai.”

A daren wannan rana wata nas mai manyan shekaru ta same ni ina ƙoƙarin tatsa a cikin kofi, ina matsa da ƙarfi har fata ta yi ja, ba abin da ke fita sai ɗigo. Ta ja labule, ta zauna, ta dafa kafaɗata ta ce, “'Yata, saki jikinki tukuna, nono ba ya fita da faɗa.” Ta bayyana mini cewa sinadarai biyu ne ke aikin. Ɗaya, furolaktin, shi ke sa jiki ya haɗa nono, kuma ya fi yawa da dare. Ɗayan, oksitosin, shi ke matse 'yan jakunkunan da nonon yake ciki ya turo shi waje, kuma shi ne tsoro da zafin ciwo da kunya suke dannewa na ɗan lokaci. Nonon yana nan, hanyar fitarsa ce ta tsuke. Haɗarin shi ne idan ya daɗe ba a cire shi ba, jiki yana ɗauka ba a buƙatarsa, sai ya rage haɗawa. Ta ce kamar rijiya ce, ɗiba ke sa ta ƙara kawo ruwa. Ta ɗora mini tsumma mai ɗumi, ta sa na yi numfashi a hankali, ta gyara mini yatsu can baya da kan nono inda baƙin ya ƙare, ta nuna mini yadda zan danna zuwa ƙirji sannan in matse in saki. Ta ce in daina kallon kofin, in kalli 'yata. Ba nan da nan ba, amma bayan wani lokaci na ji wani tsam-tsam a ƙirjina, nono ya fara zuba da kansa.

Daga nan aka tsara mini yadda zan yi. Ba zan jira ta yi kuka ba. Zan tashe ta aƙalla duk bayan awa uku, sau takwas ko fiye a yini da dare. Zan cire mata kaya, in shafa tafin ƙafarta har ta farka, in ɗora ta a nono na ɗan lokaci ina matsa shi a hankali don ya riƙa zuba mata a baki, amma ba zan bar ta ta yi ta fama har ta galabaita ba. Bayan nan in tatsa, a ba ta abin da na tatsa da ƙaramin kofi, tana lasa a hankali. Aka koya mini abin da zan riƙa dubawa: jiƙaƙƙen nafkin shida ko fiye a rana, kashi mai rawaya, ƙarar haɗiya, da nauyi a ma'auni.

Ba zan ɓoye ba, wannan tsari ya ceci shayarwata, amma ya kusa karya ni. Kafin in gama tashinta da shayarwa da tatsa da wanke kofi, lokacin zagaye na gaba ya kusa. Barci ya zama gutsure-gutsure. A farkon lamarin abin da nake tatsa bai isa ba, likita ya ce a ƙara mata madarar jarirai 'yar kaɗan a kan nonona har nawa ya ƙaru. Ranar da aka fara ba ta na juya fuska bango. Na ji kamar an yanke hukunci a kaina a gaban kowa. Yau da nake rubutu ina ganin wannan shawara daidai ce, domin yarinyar da ta samu abin da ya ishe ta ce take samun ƙarfin tsotso, kuma an yi ta ne da ma'auni, ina ci gaba da tatsa don kada nonona ya ja baya. Mace da ta samu kanta a wannan matsayi ba ta gaza ba, kuma bai kamata a yi mata kallon da zai sa ta ɓoye abin da take ba ɗanta ba.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali a duk wannan lokaci shi ne ɗora ta a ƙirjina fata da fata, daga ita sai nafkin da hula, a lulluɓe mu da zane. Nas ɗin ta ce wannan hanya ta samo asali ne a wani asibiti a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a shekarar 1978, lokacin da kwalabe suka yi ƙaranci, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara ta nan da nan bayan haihuwa ga jariran da suka zo da wuri ko suke da ƙarancin nauyi. An ƙirƙiro ta ne don jariri, don ɗuminsa da numfashinsa da shan nononsa, amma ni na shaida amfaninta a kaina. In tana kwance a ƙirjina ba na buƙatar kai hannu hancinta, ina jin numfashinta a fatata. Bugun zuciyata yakan lafa, kuma duk tatsar da na yi bayan na riƙe ta haka ta fi yawa.

Da muka koma gida karo na biyu, maigidana ya ɗauki wani mataki da har yau nake gode masa. Ya karɓi ba ta nono a kofi da wanke kayan tatsa, musamman da dare, domin in samu in kwanta da zarar na gama tatsa. Ya roƙi masu zuwa su taƙaita zama, kuma in lokacin shayarwa ya yi a bar ni ni kaɗai. Ya zauna da mahaifiyarsa ya maimaita mata bayanin likita cikin ladabi, har da cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na nono ruwa ne, don haka yarinyar ba ta buƙatar wani ruwa daban. Washegari surukata ta shigo ta zauna kusa da ni ta ce, “'Yata, mu a namu lokacin ba a gaya mana haka ba. Ki faɗa mini abin da zan yi miki.” Na ce, “Mama, ki riƙe mini ita in yi barci.” Daga ranar ita ce ta zama mai tsare mini ƙofa.

A nan zan faɗi ra'ayina ƙarara. Mutane da yawa da suka ji cewa damuwa tana hana nono sauka sai suka riƙa ce mini, “Ki daina damuwa mana.” Wannan magana ba ta taɓa rage mini komai ba, ƙari ma take yi, domin yanzu ina damuwa da yarinya, ina kuma damuwa cewa damuwata tana cutar da ita. Ba a cire tsoro daga zuciyar mai jego da umarni. Abin da ya rage nawa abubuwa ne da ake iya gani: bayani na gaskiya daga wanda ya sani, ma'auni da ke nuna nauyi yana ƙaruwa, barcin 'yan awanni a jere, da hannun da ya ɗauke mini wani aiki. Ya kamata kuma a gaya wa kowace uwa cewa damuwa ba ta ɓata nono, ba ta mai da shi guba, ba ta tsinka shi. Nonon uwa mai kuka yana ciyar da ɗanta.

Duk da cewa yarinya ta fara murmurewa, ni ban dawo daidai ba. An ce mini yawan kuka da sauyin yanayi a kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da aka saba, kuma yakan wuce cikin mako biyu. Nawa ya wuce haka. Ko an karɓe ta don in huta, idona biyu. Abinci ba ya mini daɗi, hira ba ta mini daɗi, kuma tunanin cewa zan farka in tarar ba ta numfashi ya ƙi barina. Ranar da muka je a auna ta, likita ta dube ni ta ce, “Ke fa, yaya kike?” Ban iya amsawa ba sai hawaye. Ta ba ni wata takarda mai tambayoyi goma, wadda aka tsara a Edinbura a 1987 don gano ciwon damuwa bayan haihuwa, na cika ta da gaskiya. Ta ce abin da nake ji ciwo ne da aka sani, ana kuma warkewa, kuma bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya kimanin kashi 13 cikin ɗari na matan da suka haihu suna fuskantar matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, galibi wannan ciwon. Ta haɗa ni da mai ba da shawara da muka riƙa zama muna magana, ta kuma tabbatar mini cewa ko da ta kai ga magani, akwai waɗanda ake sha ana shayarwa. A ganina duk uwar da aka haifa mata ɗa kafin lokaci ta cancanci a yi mata wannan tambaya a duk zuwan da za ta yi asibiti, domin idanu duk suna kan jariri, ita kuma ba za ta fara faɗa da kanta ba.

Sauyin ya zo ne wajen ranar da aka ƙiyasta tun farko cewa zan haihu. Ta fara farkawa da kanta, tana juya kai tana neman nono, tana kuka da murya mai ƙarfi. Tsotsonta ya yi tsawo, ina jin haɗiyarta a fili, in ta gama nonon ya yi laushi. Da shawarar likita muka janye madarar, sannan muka riƙa rage kofi da tatsa a hankali, ana duba nauyinta a kowane mataki, har ya zama nono kaɗai take sha daga jikina. Haka muka ci gaba har lokacin fara ba ta abinci ya yi, na kuma ci gaba da shayar da ita har ta kusa shekara biyu. An koya mini in riƙa cire makonnin da ta rasa a ciki in ina lissafin lokacin da ya kamata ta yi murmushi ko ta zauna, wannan ya hana ni gwada ta da 'ya'yan wasu ina tayar wa kaina da hankali.

Daga baya na ga ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa a shekarar 2020 an haifi jarirai kimanin miliyan 13.4 kafin lokacinsu, kusan ɗaya cikin kowane goma. Na daɗe ina tunanin iyayensu mata, musamman waɗanda aka ce wa ɗansu lafiya lau yake aka sallame su, suka koma gida da jariri mai barci ba tare da an gaya musu su tashe shi ba.

Yanzu 'yata tana gudu tana surutu, ni kuma ina ɗauke da ciki na biyu. Likitata ta gaya mini cewa wadda ta taɓa haihuwa kafin lokaci tana da ƙarin yiwuwar sake yin haka, don haka ana bibiyata sosai. Tsoro yana zuwa mini wani lokaci, in ya zo ina faɗa wa maigidana ko likita, ba na kwana da shi ni kaɗai. Mun riga mun yi magana da ungozoma cewa in yanayin jaririn ya ba da dama a ɗora mini shi a ƙirji da zarar ya fito, in fara tatsar dakashi a awannin farko ko da ya kama nono, a kuma sa mana ranar dawowa a duba nauyinsa da shawara cikin kwana ɗaya ko biyu bayan sallama. Surukata ta ce ita za ta karɓi daren farko a gida, mahaifiyata kuma ta karɓi na biyu.